Ƙodarka a Cikin Malaz

Bahri, watan Disamba

Zuwa ga mijina Tajussir, Baban Malaz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya sanyin Dammam, ya kuma wurin ɗinkin? Kada ka ba ni "lafiya lau" irin taka ta waya. So nake in san ko har yanzu yana ja maka in ka sunkuya, da kuma ko ka bar wa samarin gareji ɗaukar tayoyin nan kamar yadda likita ya ce. Mai ƙoda ɗaya ba ya gasar ƙarfi da kowa. Mu nan muna lafiya. Baba mahaifinka yana gaishe ka, haka ma ƙanwata Sitana.

Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya ba na samun bakin magana. Da ka kira, Baba zai matso, Malaz ta fizge wayar tana rera maka waƙa, ni kuma in ƙare da "sai an jima". Abokin aikinka da zai koma jibi ya ce zai miƙa maka hannu da hannu.

Da za ka ga 'yarka yau, da ka yi hawaye, kai da kake cewa ba ka kuka. Wata biyu ke nan da aka cire ƙodarka aka dasa mata, kuma kumburin fuskar nan ya tafi, fatarta ta yi haske, tana cin wake da burodi har da lasar kwano. Shekara biyu muna saɓa yarinyar nan zuwa wankin ƙoda ba ta iya ɗaga kai, jiya sai ga ta tana bin tattabaru da gudu a tsakar gida. Cikinta ya ɗan turo ta gefen dama inda aka sa ƙodar. Takan shafa wurin ta ce wa Sitana, "Babana ne a nan."

Abu ɗaya ne ya so ya gagare ni, shi ne ruwa. Likitarta, Daktora Intisar, ta sake maimaita abin da ta faɗa mana kafin ka tafi: ƙodar babban mutum ce a jikin 'yar shekara uku, in ba a cika ta da ruwa ba za ta bushe ta lalace. To yarinyar da ta tashi ana auna mata ruwa a murfin kwalba, ana ɓoye mata kofi, yau an ce ta sha manyan kwalabe biyu a yini. Ta ƙi fur. Na lallasa, na yi faɗa, na yi alkawarin 'yar tsana, ta datse baki ta juya mini ƙeya. Taurin kan nan dai ka san ba daga gidanmu ya fito ba.

Sai Baba ya ce in bar masa ita. Kowace safiya yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya hura gawayi ya ɗora gahawarsa mai citta, ya zaunar da ita da 'yar gorarta ta ƙarfe. Shi kurɓa ɗaya, ita kurɓa ɗaya, wai gasa suke yi. Yana ce mata Hajiya Ƙarama, tana ce masa Kaka mai gemun akuya. Kafin azahar ta shanye rabonta tana neman ƙari. Shi ke wanke gorar da tafasasshen ruwa, shi ke cika ta a ɗakinsa, ko Sitana ba ya yarda ta taɓa. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri. Ya baro lambunsa a Kassala a tsakiyar lokacin tsinke, ya zo ya tsaya mana.

Ni kuwa ya raɗa mini suna Sajan, kuma na amsa. Danginku sun cika mota sun zo barka, na tsayar da su a tsakar gida na nuna musu ita ta taga, don maganin da take sha ya raunana garkuwar jikinta, mura kaɗai na iya kwantar da ita. Gwaggonka ta koma ba ta yi mini sallama ba. Ragon godiya ma a waje aka yanka. Baba ya sa an kawo buhunan garehul na lambunsa, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, irin mai jan ciki. Na ce a raba wa maƙwabta, don yana cikin abubuwan da Daktora ta hana Malaz, tare da ɗanyen ganye da lemon kan titi. Ya sara mini ya ce an ji, Sajan.

Akwai wani ɗan abu da ba na so in ɓoye maka. Kwanakin nan hannunta yana rawa in ta riƙe cokali. Sitana ta ce sanyi ne. Zan nuna wa Daktora ranar awo.

Kai ma ka riƙa shan ruwa. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Mahasin


Bahri, watan Janairu

Baban Malaz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka. Na ji daɗi da ka ce ɗinkin ya daina ja. Rigar sanyin da ka aiko ta iso, ta yi wa Malaz yawa, amma ta ƙi cirewa.

Rawar hannun nan ba sanyi ba ne. Ka tuna maganin safe da yamma, wanda ke hana jikinta ya gane ƙodar baƙuwa ce ya far mata? Sun auna yawansa a jininta, sun tarar ya wuce ninkin abin da ake so. Lambar nan da ke nuna aikin ƙoda ita ma ta hau. Daktora ta ce maganin kamar gishiri yake a miya: in ya yi yawa shi da kansa ke cin ƙodar, in ya yi kaɗan jiki ya ƙi ta. Tana faɗa ina kallon bakinta.

Ta tambaye ni ko ina ƙara mata in ta tofar, ko wani na ba ta a bayan idona. Na ce ni kaɗai ke ba ta, da sirinji nake aunawa, a kan layi, kuma ban taɓa barin lokacinsa ya wuce ba. Ta rage yawan da nake ba ta. Muka koma awo, yana nan a sama. Ta sake ragewa, ta kuma ragewa, yanzu abin da nake ja a sirinji bai kai rabin na da ba. In na ɗaga shi sai in ga ɗan ɗigon nan ne wai yake tsare da naman jikinka a cikin 'yarmu, gabana ya faɗi.

Alhamdu lillahi dai, a awon makon jiya komai ya daidaita. Rawar ta ragu, lambar ta sauko. Daktora ta ce akwai yaran da jikinsu ke jinkirin narkar da magani, wataƙila Malaz na cikinsu. Ta faɗa ne tana jujjuya biro, na ga ita ma ba ta gamsu ba.

Yanzu ga wata sabuwa. Aminin Baba, Alhaji Uhaj, Allah ya yi masa rasuwa a Kassala, dole Baba ya je zaman makoki. Daga nan kuma zai tsaya ya ga lambu, don ya ce 'yan ƙwadago suna tsinke masa 'ya'yan itace kamar masu jin haushin bishiya. Na raka shi tasha shekaranjiya. Malaz ta riƙe masa jallabiya tana kuka, shi ma sai da ya juya yana gyara rawani. Ya ce in kula masa da Hajiya Ƙarama, kada in kashe ta da fareti.

Tun da ya tafi mun koma gidan jiya da ruwa. Na cika mata gorar nan tata, na shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar, har gahawa na dafa ina kurɓa. Ta kai baki sau ɗaya ta yamutse fuska, ta ce wannan ba na Kaka ba ne. Yanzu da sirinji nake ɗura mata kaɗan-kaɗan, ni da Sitana muna karɓa-karɓa. Muna kai adadin, amma sai an sha kuka.

Ba na samun barci sosai, Tajussir. Ba wani abu ba ne, tsoro ne kawai. Ka sa mu a addu'a in ka samu zuwa Harami.

Taka,
Mahasin


Asibiti, watan Fabrairu

Tajussir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Gaisuwa wajibi ce, don haka na gaishe ka, amma raina a ɓace yake da kai, kuma gara ka gani a rubuce.

Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci, tunda a waya kuka ya hana ni yi maka bayani. Ba a daɗe da tafiyar Baba ba Malaz ta fara ƙin abinci. Ta daina bin tattabaru. Sai zazzaɓi, sai fitsarinta ya ragu, har na koma ina leƙa fo kamar mai neman zinariya. Ranar da ta farka idanunta a kumbure, ta kuma ture hannuna da na taɓa gefen cikinta, ban jira ranar awo ba. Na naɗe ta a mayafi muka hau raksha, keke mai ƙafa uku, duk ramin da ya faɗa sai ta yi ƙara.

Maganin da wata guda da ya wuce ya yi yawa a jininta, yanzu sun ce kusan babu shi. Suka sa mata barci, suka soka allura suka ciro ɗan tsoka daga ƙodar. Sakamako ya nuna jikinta ya gane ta, ya fara yaƙarta. Sun yi mata ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, fuskarta ta yi suntum, tana cizon duk wanda ya matso, amma lambar ba ta sauko ba. Yanzu sun koma wa wani da ya fi shi ƙarfi. In an sa mata, jikinta ya ɗauki ɓari har gadon yana motsi, ni kuma in kwanta a kanta in riƙe. Daktora ta ce bayan wannan babu wani. In bai yi ba, za a koma wankin ƙoda, wataƙila ma a cire taka.

Ɗakin wankin yana kan hanyar banɗaki. Ina wucewa ina jin ƙarar injinan nan, ina ganin uwayen da muka yi shekara biyu muna zama tare. Ɗaya ta hango ni ta ɗaga hannu da murna, sai ta ga fuskata ta sauke. Yanzu zagayawa nake ta bayan gini.

Daktora ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce magani ba ya hawa sama haka ya faɗo ƙasa haka da kansa. Ta ce ta san gajiya, ta san uwa ita kaɗai da yaro marar lafiya, ba za ta zarge ni ba, amma in gaya mata gaskiya don ta san abin da take magani. Na rantse mata. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya sha jin rantsuwa.

Wannan na haɗiye shi, don ba ta san ni ba. Amma kai da ka san ni, da na kira ka ina kuka, sai ka ce, "Mahasin, kin tabbata ba ki tsallake ba ko sau ɗaya?"

Ni ka tambaya haka? Ni da ban je bikin ɗiyar yayata ba, ban je gaisuwar rasuwar kawuna ba, don kada lokacin magani ya same ni a hanya? Na san ƙodarka ce, na san an tsaga cikinka an ciro ta, kuma ba ka da wata da za ka ƙara bayarwa. Na san tawa ba ta dace da jininta ba, ba sai an tuna mini ba. Amma 'yata ce ke kwance a nan. Da ana musanya, da tuni na hau gadon na sauke ta.

Ban ce ka taso ba. Na san in ka baro aikin yanzu ba za su sake ba ka izinin komawa ba. Abin da nake so kawai, in ka kira, ka tambayi jikinta, ka bar ni da abin da ke damuna.

An sanar da Baba, ya ce yana hanya. Sitana na gaishe ka.

Mahasin


Asibiti, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga Baban Malaz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin lafiya. Na ji haƙurin da ka bayar, ya wuce. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. An gano abin da ya faru, kuma na fi so ka ji daga gare ni.

Baba ya iso ranar Talata da hantsi, daga tasha kai tsaye, ko gida bai biya ba. Nas ta sa shi ya wanke hannu, ta ɗaura masa takunkumi a kan gemu. Malaz da ta yi kwanaki ba ta yi wa kowa magana ba, tana ganinsa ta miƙa hannu ta ce Kaka. Ya zauna a bakin gado yana tsokanarta, wai Hajiya Ƙarama ta yi ƙiba a bayansa, ko wani mijin ta samu. Har ta yi murmushi. Ganin haka na ce bari in je in yi azahar.

Da na dawo na tarar tana shan wani abu a gora, tana haɗiya da sauri kamar yadda ban ga ta yi ba tun tafiyarsa. Da farko daɗi na ji. Ina matsowa sai ƙamshin ya buge ni. Na karɓe gorar na tsiyaya a tafin hannuna, ruwa ne ja-ja da 'yan ƙwayoyi a ciki. Garehul ne, an sirka da ruwa da sukari.

Na tambaye shi tun yaushe. Bai ko ji tsoro ba, dariya ma ya yi, irin ta wanda aka kama yana satar alewa. Ya ce tun ranar farko.

"Sajan, ai ba na kasuwa ba ne," in ji shi. "Na lambuna ne, da hannuna na tsinko. Ina wanke shi da ruwan zafi, wuƙar ma sai na tafasa ta. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsa. Mu da muka tashi da shi ake jinyar marar lafiya, shi ke wanke jini."

Ka gane, Tajussir? Duk abin da na hana a gidan nan, da ƙwayar cuta na kafa hujja: baƙi, ɗanyen ganye, lemon titi. Sai ya ɗauka garehul ma don ƙazanta aka hana, ya kuwa tsabtace nasa iyakar tsabta. Ya ɓoye mini ne don ya san zan yi faɗa, yana ganin tsananina ne kawai. A ransa dokar likita yake bi.

Na ɗauki gorar na nufi ofishin Daktora, yana biye da ni yana cewa in tsaya mana. Ta shinshina, ta ajiye, ta dafe kai. Sannan ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ba datti ba ne matsalar. Akwai wani abu a cikin garehul, komai tsabtarsa, da ke hana jiki narkar da maganin, sai ya taru a jini. Lokacin da yake ba ta, maganin ya taru ya yi yawa, su kuma suka yi ta ragewa. Da ya tafi Kassala aka daina sha, ɗan abin da ya rage bai isa ya tsare ƙodar ba, jiki ya samu hanya.

Baba ya cire takunkumin ya riƙe a hannu. Can ya dube ni ya ce, "Wato tafiyata ce ta jawo?"

Na ce masa, "Zuwanka ne ya jawo, tafiyarka ta ƙarasa."

Haka na faɗa wa mahaifinka, a gaban likita. Na ƙara da cewa kada ya sake matsowa kusa da 'yata. Ba zan yi maka ƙarya in ce bakina ne ya suɓuce ba, a lokacin har zuciyata nake nufi.

Ya miƙe ya fuskanci Daktora, ya dafa ƙugunsa da hannu biyu, ya ce yana da guda biyu, ta cire wadda ta fi kyau, ta cire duka ma in ta ga dama. Ta ce masa ya haura saba'in, ga ciwon sukari, babu likitan da zai taɓa shi. Ya sake roƙo, ta sake ba shi haƙuri. Ya sa takalmansa ya fita, ya bar sandarsa a jingine da teburinta.

Daktora ta nemi gafarata. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ta ce aƙalla yanzu ta san abin da take yaƙa, za ta mayar da maganin yadda ya kamata da zarar na yau ya fita daga jininta. Na tambaye ta ko ƙodar za ta tashi. Ta ce fitsarin jiya ya ɗan fi na shekaranjiya, iyakar abin da za ta iya ce mini ke nan.

Baba bai kwana gida ba. Sitana ta ce yana wurin wani ɗan'uwanku a Omdurman. Ban san yadda za ka ɗauki wannan ba, mahaifinka ne kuma ƙodarka ce. Ni dai na faɗa maka yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba.

Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Mahasin


Bahri, watan Maris

Mijina Tajussir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikinka, ya zafin da aka ce ya fara a can? Sitana ta ce muryarka ta dushe a waya. In mura ce ka sha magani, in kuma rashin barci ne, to mu biyu ne.

An sallame mu. Ƙodar ta tashi, alhamdu lillahi, ba a koma wankin ba. Amma ba zan rufe ka ba: lambar ta sauko ta tsaya a sama da inda take a da, kuma Daktora ta ce nan za ta zauna. Wani sashe ya yi tabo, ba ya dawowa. Da muna sa ran ƙodar nan ta raka Malaz har ɗakin mijinta. Yanzu an ce in an kula, aka kuma yi sa'a, za ta kai ta makarantar sakandare, daga nan sai a fara neman wata. Na yi kukana a raksha, na share fuska kafin mu iso gida.

Kulawar kuwa ita ce ruwa, fiye ma da da. Malaz ta dawo daga asibiti ta tsani duk abin da aka nufo bakinta da shi. Tana ganin sirinji sai ta shige ƙarƙashin gado. A awon farko Daktora ta ce ba ta samun isasshe, kuma ƙoda mai tabo ba ta jure ƙishi. In ba a samu canji ba za su zura mata roba ta hanci har ciki, a riƙa ɗura mata ta nan.

Duk kwanakin nan Baba yana zuwa unguwar. Kowace safiya yakan hau mota daga Omdurman ya zo ya zauna a bencin mai shagon da ke kallon ƙofarmu. Ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya aike. In Sitana ta fita sayen burodi ya tambaye ta jikin yarinyar, ya koma ya zauna har la'asar. Ya rame, Tajussir, jallabiyar tana yawo a jikinsa. Ina ganinsa ta taga ina sakin labule, don har yanzu in na tuna gadon nan yana ɓari sai zuciyata ta tafasa.

Ranar da aka yi maganar robar, na dawo gida na zaunar da Malaz na yi ta fama da ita har muka gaji mu biyu. Sai na yafa mayafi na tsallaka titi. Ya miƙe tsaye da ya gan ni, kamar ni ce babba. Na gaishe shi, na ce Baba, jikarka ta ƙi shan ruwa.

A bakin ƙofa ya tsaya ya zazzage aljihunansa a gabana, ban ce ya yi ba. Ya ce ni zan tafasa ruwan, ni zan zuba, shi ba zai taɓa komai ba sai kofinsa. Malaz ta ruga ta faɗa jikinsa. Da ta kurɓa ta ji ruwa ne zalla, ta ture ta ce a ba ta mai daɗin. Ya ce mai daɗin ya ƙare har abada, Hajiya, ni ma wannan nake sha. Ta yi kuka, ya jira ta gama, ya sake miƙa mata. Ba ta sha kamar da, amma tana sha, kuma awon jiya bai yi muni ba. An ɗage maganar robar.

Yanzu saura kai. Tun da takardata ta isa hannunka ba ka nemi mahaifinka ba. In ka kira ka ji muryarsa a kusa sai ka ce aiki ya taso. Yana lura. Ban isa in ce ka yafe ba, ni ma ban gama ba, kuma ba a jikina aka yanka ba. Amma jiya da ya ga ina rubutu, ya tsaya daga nesa ya tambaya ko kai nake rubuta wa. Ya ce in sa masa magana biyu, tunda idonsa ba ya ganin layi. Ga ta yadda ya faɗa:

"Ɗana Tajussir, ka yanki naman jikinka ka ba 'yarka, ka bar mini amana, na ɓata da hannuna. Ban ce ka yafe mini yanzu ba. Ina nan ina ba ta ruwa har ranar da ka ce in tafi."

Da na gama ya ce in karanta masa. Na karanta. Sai ya ce in goge "ɗana" in bar sunanka kawai, don bai sani ba ko har yanzu kana amsa wannan kiran. Ban goge ba.

Malaz na gaishe ka, Sitana na gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Mahasin